Tayoyin Kawu Wataƙila

Kawuna mai kiwon zuma ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya ba da amsa kai tsaye ba. Ka tambaye shi ko zai sha shayi, sai ya dubi kofin, ya dube ka, ya ce wataƙila. Haka sunan ya bi shi, har jikokinsa Wataƙila suke ce masa, yana amsawa. Riga, takalmi, fentin ɗaki, duk matarsa ce mai zaɓa, wadda muke kira Inna. Shi dai nasa ya sa ya fita.

Abu ɗaya ne bai taɓa shakka a kansa ba, wato amyoyinsa da ke bayan tudu. Kullum da safe zai hau kekensa irin na hawan dutse, ya bi kwalta har ƙarshen unguwa, ya shiga turbar tsakuwa ya haura. Sai rana ta take yake dawowa, yana ƙamshin hayaƙi, ya fi kowa fara'a.

Bayan rasuwar Inna tayoyin keken suka cinye. Ya je babban shago shi kaɗai, ya karɓi abin da aka miƙo masa: tayoyi biyu iri ɗaya, masu sulɓi, masu gudu a kwalta. Ba a jima ba, yana gangarowa daga tudu, ta gaba ta zame a tsakuwa ya kife, ya goce a wuyan hannu. 'Yarsa, ma'aikaciyar jinya ce kuma ba ta magana biyu, ta ce in ya sake faɗuwa za ta kulle keken, ta sayar da amyoyin, ya koma wurinta da zama a saman bene. Na tsorata ƙwarai, don na san in aka raba Kawu da tudun nan an gama da shi.

Da hannu ya warke, ni aka ɗora wa raka shi neman taya. Ban san wahala na ɗauko ba. Mai shagon farko ya ce a ɗauki mai manyan haƙora, tana kama ƙasa, sai dai a kwalta za ka ji kamar kana jan buhu. Na biyu ya ce mai taurin roba ita ce ƙarko, ƙaya ba ta huda ta, amma in dutse ya jiƙe sai addu'a. Wani kuma ya rantse da mai laushi, ya ƙara da cewa ba ta daɗewa. Kawu ya tambaya ko babu wadda ta haɗa duka. Aka ce akwai, tana yin kowanne kaɗan-kaɗan. Ya ce kaɗan ɗin zai isa? Aka ce ya danganta. Ga Wataƙila ga Ya-danganta, ni kuma ina tsakiya kaina yana juyawa.

Zai danna taya da babban yatsa, ya shinshina ta, ya ajiye, ya sake ɗauka. Ni da na zo taimako har na fara mantawa wacce ce mai gudu, wacce ce mai kamu. Muka yi ta komawa gida hannu rabbana, keke na jingine a zaure, ƙudan zuma na can babu mai duba su. Ran nan haushi ya kama ni, na ce masa ya rufe ido ya nuna ɗaya kawai. Ya ce wataƙila hakan ma dabara ce, amma wane idon zai fara rufewa.

A hanyar dawowa muka tsaya wurin tsohon mai gyaran keke na bakin kwana, inda Inna takan tura keken lokaci-lokaci. Kawu ya ɗauka mai kawai ake sa wa sarƙa. Tsohon ya yi masa ta'aziyya, ya saurari labarinmu, ya ce, “Irin na da za a mayar?”

Kawu ya ce, “Wanne ne irin na da?”

“Ai marigayiya ba ta taɓa sayen iri ɗaya ba, Malam. Gaba mai manyan haƙora, mai laushi. Baya mai ƙananan haƙora, mai tauri, don ta yi gudu ta daɗe. Ta ce in ta baya ta zame za ka sa ƙafa ka tsaya, in ta gaba ce, fuskarka ce a ƙasa. Ta kuma ce kada in gaya maka, za ka shekara kana tunani.”

Da yake kekensa ba shi a wurin, Kawu ya durƙusa gaban wani na mutane, ya dafa shi, ya shafa tayar gaba, ya shafa ta baya. Ya tambaye ni ko na taɓa lura. Ban taɓa ba. Shi da ya yi shekaru yana hawa ma bai lura ba. A hankali ya ce, “To me kuma take yi ban sani ba?”

Tsohon ya tambaya ko a kawo keken a sa. Na gyara tsayuwa ina jiran wataƙila. Kawu ya ce a sa.

Washegari muka karɓo keken, yana tura shi muna tafiya. Sai na ga ya tsaya a tsakiyar hanya ya sunkuya, yana duban takalmansa, na dama da na hagu, ko su ma ba iri ɗaya ba ne.