Gunvor, Mai Riƙe wa Masu Jego Gurbi

A tsibirinmu da ke arewacin ƙasar Nowe, rana takan ɓace tun ƙarshen Nuwamba, sai Janairu ya yi nisa take sake leƙowa. Cikin wannan duhu Gunvor Hestnes take sauka daga jirgin ruwan safe, ta hau tudu zuwa gidan kula da tsofaffi, da burodi da cuku a aljihun rigar sanyinta. Ba ta da maratayar riga tata ta kanta. Duk ma'aikaciyar da ta tafi hutun haihuwa, a maratayarta Gunvor take rataye riga, tsofaffinta take yi wa wanka. Fiye da shekara talatin ke nan. Ni ce mai girkin gidan, a idona aka yi mafi yawa.

Akwai wani tsoho, Birger, da ba ya barin ta ta wuce.

"Gunvor, yau kuma wace ce ke?"

"Yau ni ce Torill. Buɗe baki ka sha maganinka."

"Torill ta fi ki kyau."

"Ta fi ni haƙuri ma. Ka yi addu'a ta dawo da wuri."

An sha yi mata tayin aikin dindindin, ta ƙi. Ta taɓa gaya mini cewa da ta haifi ɗanta tana aiki a masana'antar kifi, ta dawo ta tarar da wata a tsaye a wurinta. Tun daga nan ta zaɓi zama mai riƙe wa wasu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru da Maylen, wata matashiyar ma'aikaciyarmu.

A lokacin muna da wata tsohuwa makauniya, Aslaug, wadda ta haura casa'in. Duk tsibirin an san labarinta: tana ƙuruciya ta bar jaririnta a wurin maƙwabciya ta koma aikin feɗe kifi, ta dawo ta tarar ya cika a shimfiɗarsa. A hunturun nan muka fara jin kukan jariri daga ɗakin wanki da ke ƙarƙashin ginin. Da tsakar rana yake zuwa, waje duhu ƙirin. Ni ma na ji, ludayi a hannuna. Mai gyaran famfo ya duba, ya ce iska ce a bututu, amma bai tsaya shan kofi ba.

Hutun jegon Maylen ya kusa ƙarewa, sai ta kawo ɗanta Eskil mu gani. Aslaug ta yi makonni ba ta ce wa kowa uffan ba. Ranar ta juyo da fuskarta daidai inda yaron yake barci.

"Kin kawo naki," in ji ta. "To na ƙasan nan fa, na wane ne?"

Sai kukan ya taso daga ƙasa. Tsohuwar ta laluba ta kama hannun Maylen gam.

"Kada ki tafi ki bar shi, 'yar nan. Ni ma cewa na yi yanzu zan dawo."

Maylen ta fita ko hular yaron ba ta ɗauka ba. Washegari ta aiko cewa za ta ajiye aiki. Mijinta yana teku rabin shekara, a tsibirin babu wani aiki irin nata, ga shi tana son aikin kamar ranta. Shugabar gidan ta ce tana buƙatar amsa kafin wata ya ƙare. Ita kuwa Gunvor ta riga ta sanar da ritayarta, don gwiwoyinta sun gaji.

Duk da haka ta ratsa ƙanƙara ta je gidan Maylen. Maylen ce ta ba ni labarin da bakinta.

"Ban zo in ce ki dawo ba," in ji Gunvor. "Doka ta ba ki ƙarin shekara guda, ba albashi, amma gurbinki naki ne. Ki ɗauka. Kada ki yanke shawara da tsoro a jikinki."

"Wa zai riƙe mini? Ke ma tafiya za ki yi."

"Gwiwa ce ke ciwo, yarinya, hannu lafiya lau. Miƙo yaron nan, ki je ki yi wanka, kin yi kama da wadda teku ya tofo."

Gunvor ta janye ritayarta. Sannan ta yi abin da babu wanda ya yi ƙarfin halin yi. Wata rana da tsakar rana ta turo Aslaug a kekenta na guragu har ɗakin wanki. Ina tsaye a bakin matakala ina leƙe. Kukan ya fara. Gunvor ta zaro tawul mai ɗumi daga injin busar da kaya, ta naɗe shi, ta ɗora a cinyar tsohuwar.

"Ga shi, Aslaug. Kin dawo."

Tsohuwar ta rungume, tana jijjigawa tana rarrashi ƙasa-ƙasa. Kukan ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Gunvor ta hawo sama, fuskarta ta yi fari fat, ta ce in ba ta kofi mai ƙarfi, ba ta sake tayar da zancen ba. Aslaug ta rasu da bazara. Ba mu ƙara jin komai ba, ni kuma ban ce na san mene ne ba.

Da shekara ta cika, Maylen ta dawo rabin rana, Eskil yana gidan renon yara. Wasu matan da Gunvor ta riƙe wa gurbi ba su dawo ba sam, ba ta taɓa ga laifinsu ba.

Ke ce, Gunvor, wadda tsofaffi suka kira da sunayen mata barkatai kina amsawa. Ke ce kika ba masu jego damar yin tunani ba tare da ana tsaye a kansu ba. Wannan makon za ki huta da gaske. Mun gode, a madadin iyaye da 'ya'yan da ba su san kin yi musu komai ba.

Ku kuma masu karatu, idan abokiyar aikinku ta tafi haihuwa, ku riƙe mata wurinta da amana, kada ku dame ta da tambayar yaushe za ta dawo. Ku bar ta ta zaɓa da hankalinta a kwance.