Takarata ta Kansila a Hunkuyi

Rediyo ce ta ja mini. Lokacin soja ne, ina koyarwa a firamare a Hunkuyi, albashi ba ya kai mu tsakiyar wata. Wata safiya na ji labarin wani shugaban majalisar dattawan jiha a Amurka. Wai shi ma malamin ƙauye ne, ya fara da bin gida-gida yana cewa a zaɓe shi, har ya kai inda ya kai. Na duba madubi, na ga ba abin da ya fi ni da shi sai farar fata. Da soja suka ba da damar zaɓen ƙananan hukumomi, na fito takarar kansila, ina hango majalisar jiha a gaba.

A wajenmu mutum ba ya cewa yana so. Dattawa ake bi a asirce, su taru su roƙe ka, ka ƙi, su matsa, sannan ka karɓa kamar an ɗora maka kaya. Mahaifina ya faɗa mini haka. Na ce masa zamani ya canza. Na hau kekena ina sallama ƙofa-ƙofa, ina yabon kaina da bakina. Kowa ya ce Allah ya ba da sa'a, ni kuwa na ɗauka alkawari ne. Baba ya daina yi mini maganar, ya ce ranar zaɓe gona za shi.

Zaɓen na ƙato bayan ƙato ne: ɗan takara ya tsaya, masu son sa su yi layi a bayansa, gari na kallo. Na sha babbar rigar aro na tsaya a filin makarantarmu. Layin abokin takarata, wani dillalin rake da dattawa suka roƙa, ya miƙe har bakin titi. A bayana ko tari ban ji ba. Tsoro ya kama ni, ba na faɗuwa ba, na a ce ko mutum ɗaya ban samu ba.

Can na ji takun da na sani tun ina yaro. Na fara juyawa.

"Kada ka waiwayo," in ji Baba, fartanyarsa a kafaɗa. "Tsaya sosai. Kunyar ta yi wa mutum ɗaya yawa."