Takardar da Yaya Kulu ta buga wa kanta

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Yaya Kulu makwancinta a Argungu. Duk shekara ina jiran zuciyata ta huce, har yau ba ta huce ba. Na yarda da ƙaddara, ciwo ne ajalinta, ba mutum ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne sunan da aka liƙa mata kafin ta tafi.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta riƙe ni. Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, tana cikin ma'aikatan da aka kwaso zuwa Birnin Kebbi, ofis ko kujeru ba su ishe shi ba. Ta kama ɗaki a Badariya, ta ci gaba da aikinta na buga tafireta. Ba ta kallon yatsunta, tana bugu tana amsa gaisuwa. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, tsaranta da yawa suka ja da baya, ita kuwa ta zauna ta koya, har wasu sassan suna lallaɓowa su kawo mata aikinsu.

Ana nan sai aka ba wani ɗan kwangila aikin canza babbar manhajar kwamfutocin, wato wadda take tafiyar da na'urar gaba ɗaya. Ya cire tsohuwa, ya ɗora sabuwa a kan tsofaffin injuna, ya kama gabansa. Allo ya yi kyau, ban musa ba. Amma daga ranar aiki ya fara tafiyar hawainiya. Yaya takan ja carbi da safe kafin kwamfutar ta gama buɗewa. Da, zagaye ɗaya ya isa. Yanzu sai ta yi uku tana kallon allo. Ta danna harafi, sai ya ga dama ya fito. Ga wutar lantarkin wancan lokaci, kafin takarda ta adanu an ɗauke, aiki ya koma farko.

Ta sami shugaban sashensu, ta ce akwai inji ɗaya da ɗan kwangila ya manta bai taɓa ba, ya zo a kunna biyun tare ya gani da idonsa. Bai ko tashi daga kujerarsa ba. Ya ce sabon abu ba ya fin tsoho saiɓi, shekaru ne suka kama ta. Mutumin da bai san inda ake kunna kwamfuta ba, shi ya yanke wa mai wuni a gabanta hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wa ya tambayi mai ɗaki? Aka bar jaki ana dukan taiki, don jakin yana da iyayen gida.

Ba wata mai buga takarda a sashen sai ita. Saboda haka da aka rubuta cewa tana da saiɓi wajen aiki, an mayar da ita Argungu tsaron fayil, ita aka miƙa wa rubutun ta buga. Ta buga a kan injin nan dai, babu kuskure ko ɗaya, ta kai aka sa hannu. 

Amma ba shugaban ne ya fi ba ni haushi ba. A ranar, da la'asar, ta zo wurina a Gwadangaji, lokacin ina ji da sabon digirina. Ta zauna ta ce, "Bello, kai da kay yi boko, gaya min tsakaninka da Allah. Injin na yac canza, ko ni ta nit tsuhwa?"

Na ce, "Yaya, sabo na ba ki yi ba. Waɗanda sunka ƙera abin ga sun hi mu sani."

Ta dube ni, ta ce, "To, na jiya." Ta ɗauki mayafinta ta fita. Ba ta sake ta da maganar ba har ta rasu.

Bayan rasuwarta ne tsohuwar kwamfutata ta yi nauyi, ita ma da aka sa mata irin manhajar. Na kai ta wurin wani mai gyara a Nasarawa. Yana kwance murfi yana gaya mini cewa sabuwar tana cin ƙwaƙwalwar inji fiye da wadda ta gada. A sabon inji gudu take, a tsoho kuwa sai rarrafe, kamar ka zuba wa ƙaramin kwalekwale kayan babban jirgi. Ya ce ai kowa ya san haka. Kowa, ban da mai digiri. Da na sani ƙeya ce.

Yau in aka sabunta wa mutum waya ta yi nauyi, nan take zai hau zagin wayar, ba wanda yake zargin yatsunsa. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga haka. Na san ba za ta yi gori ba, ba halinta ba ne. Tambaya za ta yi, ko an daina sayo kaya daga sama a dangwarar wa ƙananan ma'aikata, in ya ƙi aiki a ɗora musu laifi. Ba a daina ba, kuma kowa ya san ba a daina ba.

A Argungu akwai matan da ta koya wa bugu a zauren gidanmu, wasunsu da shi suke ci da 'ya'yansu har yau. Su sun san wace ce Kulu. Takardar kuwa tana nan cikin fayil ɗinta, na gan ta da idona, kuma ba ni da ikon cire ta. Allah ya jiƙan ki, ya sa kin huta. Injin ne, Yaya, ba ke ba ce. Kin tambaye ni tsakanina da Allah, na ba ki amsar banza, kuma ta gaskiyar ta zo lokacin da babu inda zan kai miki ita.