Mai Masauki a Tsibirin Aku

A Ƙofar Atiku, in ka ce kana neman Na'Allah sai an tambaye ka wanne, don akwai mai goro, akwai kuma direba. Amma in ka ce Na'Allah Mai Aku, ko baƙon da ya kwana biyu a unguwar zai nuna maka rumfar. Baduku ne ɗan baduku, shekararsa sittin da uku, kuma tun yana ɗan shekara tara basilla ke hannunsa. Da fatar jar akuya yake aiki, yana ɗinka gafaka da tumtum da kube da alabe. Gafakar da ta fito daga hannunsa sai dai littafin cikinta ya tsufa ya bar ta. Shi ma ya san haka, kuma ba ya ɓoyewa. Tafiya kuwa ba ta dame shi ba. In ban da aikin Hajji da ya yi sau ɗaya, bai taɓa wuce Kaduna ba.

Akun da ta ba shi suna, wani direban babbar mota ne ya kawo masa ita kyauta daga kurmi, a cikin kwali, tana 'yar ƙarama, toka-toka da jar wutsiya. Ya sa mata suna Lantana, sunan wata gwaggonsa da bakinta ba ya hutawa, kuma sunan ya bi ta. Kafin mai saye ya gama sallama ta riga ta ce, "Mi kaka so?" Ta iya hon ɗin keke mai ƙafa uku, ta iya tarin Alhaji Tukur, yayan Na'Allah, har wata rana matan gida suka gyara lulluɓi suna tsammanin shi ne ya shigo. Shekara talatin da ɗaya tana rataye a kejinta a bakin rumfa. Bazarar bara, ranar wata Talata da rana ta yi kamar ta sauko ƙasa, ya dawo daga sallar azahar ya same ta kwance. Ya naɗe ta a ƙyallen fata mai kyau ya binne ta a bayan gida, ya kwana uku bai buɗe rumfa ba.

Autarsa Nuriyya malama ce a jami'ar da ke gefen Kwalkwalawa, ilimin dabbobi take koyarwa. Don ta ɗebe masa kewa sai ta nuna masa wani bidiyo a wayarta. Wani ƙaramin tsibiri ne can tsakiyar teku, kudu da Najeriya, ana ce masa Principe, kusa da babbansa Sao Tome. Ga daji kore shar, ga aku garke guda sun tashi da safe suna ihu a saman itatuwa. Sau uku Na'Allah ya kalla, sannan ya miƙa mata wayar.

"Auta," ya ce, "ashe haka suka tashi?"

Bai taɓa ganin Lantana a sama ba. Shi da kansa yake rage mata fuka-fukai da almakashin yankan fata, yana yi yana mata wasa, bai taɓa kawo komai a ransa ba. Da Nuriyya ta ƙara masa da cewa yanzu an hana kama su saboda sun yi ƙaranci, sai ya sunkuyar da kai. Kunya ya ji, irin wadda ba a gaya wa abokan hira. Bayan sati guda ya kira ta ya ce zai je ya gan su da idonsa.

Labari ya isa majalisar da suke zama bayan la'asar, aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Mutum yana tafiya fatauci, yana tafiya neman ilimi, yana tafiya Makka ko asibiti. Amma dattijo da furfura ya ƙetare teku don kallo? Kallo ai na yara ne da marasa aikin yi. Na'Allah ya bari suka gama, ya gyara hularsa.

"Ku kunka ce kallo," ya ce. "Ni gaisuwa za ni. Ɗiyar mutane ta zamna hannuna shekara talatin da ɗaya, ta mutu, in ƙi zuwa in ga danginta?"

Aka ƙara fashewa da dariya, sai dai wannan karon biyu daga cikinsu ba su yi ba.

Nuriyya ta ce tare za su, ta kuma zo masa da hanya biyu. Ko dai su shiga jirgin ruwan masu yawon buɗe ido, a can za su ci su kwana, ana zagaya tsibiran da su ana sauke su na ɗan lokaci. Ko kuma su sauka a gida a kan tudu, kullum da safe su taka da ƙafa zuwa daji. Bai bari ta rufe baki ba. Ya ce shi ba zai yi salla a inda alƙibla ke juyawa yana tsakiyar raka'a ba, kuma wanda ya kwana a jirgi bai je garin ba, wuce shi ya yi. Aka tsayar da magana a kan tudu.

Daga nan mutumin ya shiga shiri kamar mai aurar da 'ya. Ya sabunta fasfo, ya je aka yi masa allurar shawara yana ɓata rai. Da ya ji ƙasar akwai ruwan sama da taɓo, ya ƙi takalmin kanti, ya zauna ya ɗinka wa kansa nasa mai rufi, ya yi wa Nuriyya nata, ya jiƙa su a bokiti kwana biyu don ya ga ko za su ci amanarsa. Ba su ci ba. Duk Asabar kuma sai ya bi Nuriyya zuwa fadamar Kwalkwalawa da madubin hangen nesa, tana koya masa zama shiru a bakin ruwa. Nan ne aka sha fama, don Na'Allah mutum ne da ba ya ganin manomi bai tambaye shi lafiyar shinkafa ba, kuma da ya ɗaga murya sai balbelu su watse. A sati na biyar ya yi awa guda cur bai ce uffan ba, ya dawo gida yana ba da labari kamar wanda ya ci sarauta.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi duk sauran nauyi. Alhaji Tukur, ɗan kasuwar hatsi, shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, kuma Na'Allah bai taɓa sa ƙafa a mota ba tare da sallamarsa ba. Ba zai fara da furfura ba. Ya same shi a zaure ya zayyana masa komai. Tukur bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba.

"Wa am mai masaukinka can?" ya tambaya.

Na'Allah ya ce akwai otal, Auta ta gani a waya.

"Otal ba mutun ba na. Ubanmu ya kai hwata har Gwanja, bai taɓa shiga garin da ba shi da mai masauki ba. Kai ba yaro ba na, Na'Allah. Ƙasag ga an ce Musulmi ba su da yawa. In kwananka ya ƙare can, wa ka yi ma wanka? Auta macce ta. Samo min mutun mai suna da sunan uba, in ji muryatai. In babu, ba ka zuwa."

Na'Allah ya fito, ya san gaskiya aka faɗa masa. Amma taurin kansa bai bar shi ya kwanta ba. Ya ce duniyar nan ba inda Bahaushe bai kai tallarsa ba, nemo shi ne aiki. Ya fara da Sa'ad, wani mai sayen fatunsa a Agege. Sa'ad ya haɗa shi da wani mai canji a Kalaba, mai canji ya ba shi lambar da ba ta shiga, ya sake kira aka ba shi wata. Wata biyu ana haka. An haɗa shi da mai tsire a Duwala, an haɗa shi da wani da ya rantse ya san tsibirin, ashe wani tsibirin daban yake nufi. Rumfa ta koma kamar ofishin waya, aiki na jira, 'yan majalisa kuma kullum sai sun tambaye shi ko dangin mamaciyar sun aiko. Ga lokacin da Nuriyya za ta samu hutu yana ta matsowa.

Daga ƙarshe wani Salisu mai sayar da yadi a Gabon ya ba shi lambar Junaid, mutumin Illela, mai shagon agogo da wayoyi a kasuwar Sao Tome. Na'Allah ya kira, ya ji an amsa sallama da harshen gida, har sai da ya miƙe tsaye. Murnar ba ta daɗe ba. Junaid ya ce shi a babban tsibiri yake, ƙaramin da akun suke sai an ƙara hawa wani ɗan jirgin sama, kuma a iya saninsa babu Bahaushe ko ɗaya a can. Na'Allah bai iya ƙarya ba, ballantana ga yayansa. Ya je ya faɗa wa Tukur yadda abin yake, rabi an samu, rabi babu. Tukur ya ce a kira masa mutumin.

Ranar Juma'a bayan la'asar suka zauna a zaure su uku. Nuriyya ta kira, ta buɗe muryar wayar, ta ajiye ta a kan tabarma. Tukur ya tambayi Junaid sunan ubansa da unguwarsu a Illela da wanda ya karantar da shi, kamar mai binciken aure. Junaid yana amsawa da ladabi, yana cewa Baba Alhaji. Sannan Tukur ya zo kan maganar.

"Ƙanena na, shi ɗai yar rage min. Za shi tsibirin da kac ce babu kowa namu. In Allah ya yi ikonai can, wa ka yi mai wanka, wa ka kai shi?"

Na'Allah yana kallon tabarma.

"Baba Alhaji," in ji Junaid, muryarsa ta canza, "shekarata goma sha tara nan, kuma tambayag ga ita nika yi ma kaina kullum. Tun da niz zo, ba a taɓa aiko min baƙo daga gida ba. Ku turo shi. In ruhe shago in bi su can, duk inda yas sa ƙahwa ina bayanai. In abin da kaka tsoro ya hwaru, ni ka yi mai wanka da hannuna. Ina da likkahwani da nis saye ma kaina, shina cikin akwati. In ya riga ni, nashi na."

Nuriyya ta juya kai tana share ido da gefen mayafi. Na'Allah kuwa wani irin alfahari ya cika masa ƙirji, na cewa daga ƙasarsu mutumin nan ya fito, ko fuskarsa ba su taɓa gani ba.

Tukur ya yi godiya, ya sa albarka, aka kashe waya. Bai ce an yarda ba, bai ce ba a yarda ba. Ya dafa bango ya tashi ya shige cikin gida, ya bar su zaune ba wanda ya iya kallon wani. Can ya dawo da wani ƙunshi a leda, ya ajiye a cinyar ƙanensa. Na'Allah ya buɗe gefe ya ga farin yadi, nan take ya gane shi. Likkafanin Tukur ne na kansa, wanda ya sayo a Makka ya wanke da ruwan zamzam, yake ajiye da shi shekara da shekaru.

"Bar ma bawan Allah nashi," in ji Tukur. "Ɗan gidanmu ba shi zuwa baƙunci shi cinye ma mai masauki ɗan abin da yat tanada. Ɗauki wanga ka tahi da shi."

"Yaya, naka na hwa."

"Na sani. Aro na ba ka." Ya koma mazauninsa da ƙyar, ya kau da fuska wajen ƙofa. "Tahi ka gaida su. Amma ka maido min abuna da hannunka, Na'Allah. Kada ka kuskura ka aiko Auta da saƙo."