Ranar da na kira sunan Mushe a gindin dutse

Ko da tsufa zai share mini komai daga kai, akwai wata safiya a bayan Keita da na san ba za ta goge ba. Har yau in na tuna ta sai tsoron ya dawo mini, daga baya kuma dariya ta kama ni.

Ƙanen mijina ne ya ja mana. Ya yi shekaru yana tuƙa baƙi masu yawon buɗe ido a duwatsun Agadas, can ya koyo hawan dutse da igiya. Da aikin ya mutu sai ya dawo Madawa da tsohuwar mota, da buhu cike da igiyoyi da ƙugiyoyin ƙarfe, da baki kamar na maroƙi. Mijina kuwa malamin lekol ne, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce masa kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, har ni. Mutumin da ko kan rumbu bai taɓa hawa ba, wai da hutun ɗari ya zo sai ga shi yana cewa za su zaga duwatsun Adar!

Na ce wa ƙanen, "Kai, in ka karya mini miji, kai za ka ci da ni da ɗiyana."

Ya ce, "Matarmu, taho ki gani da idonki, kada a ba ki labari."

Haka na shiga motar, tare da babbar Yayarsu, wadda ta samu hanyar zuwa ganin ɗiyarta a Keita. Muka bar gonakin albasa a baya, muka hau fako, ba abin da ido yake gani sai jan dutse da ƙaya. Sanyi kuwa har cikin ƙashi. A kusa da Buza suka fara gwadawa da wani ɗan dutse da bai fi soro biyu ba. Mushe ya hau, ya sauko, ya yini yana ba mu labarin abin da muka gani da idonmu. Yaya ta ce, "Aikin awaki dai ya koma hannun masu karatu." Ni kam, gaskiya, daɗi na ji. Na daɗe ban ga yana dariya haka ba.

Dutsen bayan Keita shi ne babba, bango ne tsaye. Ƙanen ya zagaya ta baya ya hau can ƙoli, ya ɗaure igiya ya sako ta ƙasa. Mushe ya ɗaura ɗamara, ya maƙala ƙugiyar igiyar a jikinta, ya fara hawa. Ni da Yaya muna ƙasa muna hura wutar shayi.

Ya wuce rabi sai ya samu wani ɗan tudu da bai fi faɗin tabarmar salla ba, ya tsaya. Ashe hoto yake so ya ɗauka da wayarsa don ya nuna wa ɗalibansa, igiya kuma ta hana shi juyawa. Sai bawan Allah ya cire ƙugiyar. Ya juyo, ya leƙa ƙasa.

Wayar ce ta fara faɗowa, ta tarwatse kusa da mu. Na ɗaga kai na gan shi tsaye, ba komai a jikinsa da zai riƙe shi, igiyar tana lilo kusa da kafaɗarsa. Jiri ya kama shi, jikinsa yana rinjaya gaba kaɗan-kaɗan.

Ƙanen yana yi wa wansa ihu daga sama, "Yaya! Maida ƙugiya! Yaya!" Mushe ko motsi. Ƙanen kuma ba shi da halin saukowa kafin abin ya faru. Yaya ta zube tana salati. Na ce, "Mushe!" Na ce, "Baban yara!" Na maimaita har muryata ta dushe, kamar da dutsen nake magana.

A gidanmu mace ba ta kama sunan mijinta. Uwata ta rasu ban taɓa jin sunan babana a bakinta ba, ni ma tun da aka kai ni ɗaki nasa bai taɓa hawa harshena ba, ko da wani yaro ne mai sunan sai in sake masa wani. Amma ranar ban san lokacin da ya fita ba. Na cika ƙirjina na kira shi da sunansa na yanka, gaban yayarsa, gaban ƙanensa, har dutsen ya maido mini da shi.

Sai ya ɗago kai. Ya ce, "Na'am?" da wata ƙaramar murya.

Na ce, "Dube ni, kada ka dubi ƙasa. Igiya tana hannunka na dama. Kama ta."

Ya lalubo ta, ya maƙala ƙugiyar. Ƙanen ya sauko da shi a hankali, yana kuka yana zaginsa.

Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai kunya ta rufe ni. Na ja mayafi na kulle fuska, ina jiran abin da Yaya za ta ce. Ta miƙo mini kofin shayi, ta ce, "Sha, ɗiyata. Ni ban ji komi ba, kunnena ya tsufa." Ƙanen kam bai bar ni ba, har Keita yana tambayata, "Matarmu, mi kinka ce ma? Ban ji da kyau ba daga bisa."

Sai da muka koma gida Mushe ya yi maganar. Ya ce a can sama ya ji ana ta hayaniya, amma kamar da wani ake. Ya ce, "Tun da Inna ta rasu ba wanda ya sake kira na haka. Na ɗauka ita ce." Ya share ido. Ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kunya ado ce, amma ba ta fi rai ba. Kuma wanda kowa yake girmamawa, wata rana ba girman yake bukata ba, so yake wani nasa ya kira shi yadda uwarsa take kiransa.