Iyafis ɗin da na sayo wa Inna

Ni ɗan fari ne, saboda haka mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. A bakinta ni "wancan" ne, in kuma ranar ta zo da sauƙi, "yayanku". A gidanmu na Roni ba a ɗauki wannan abin magana ba, haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, na tashi ina ganin Inna kamar wata maƙwabciya mai kirki da ba ta son surutu. In na gaishe ta takan amsa tana kallon bango. In tana da magana da ni sai ta nemi wani ta gaya masa, ko da kuwa ina zaune a gabanta.

Yanzu furfura ta fara fito mini, ina koyarwa a Lakwaja, ina da nawa iyalin, kuma har gobe ni wancan ne.

Bayan rasuwar Baba na saya mata babbar waya. Kira bai yi mana amfani ba. In ta ɗaga mu gaisa, sai shiru, sai in ji ta miƙa wa duk wanda ke kusa, wata rana har mai tallan manja sai da muka gaisa. Don haka na koma aika saƙon murya, duk Juma'a in na dawo daga masallaci. Ƙanwata, wadda ke aure a unguwarmu kuma kusan kullum tana wuni a gidan, ita ta nuna mata inda ake dannawa. Alamar saƙon takan koma shuɗiya, wato an buɗe. Sai dai waya ba ta faɗin kunnen wa ya ji.

Na tambayi ƙanwata. Ta ce, "Na kunna mata, Yaya."

"Me ta ce?"

"Ta ce to. Ta tashi ta shiga madafi tun bai kai rabi ba."

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na san al'ada, na sha kare ta ma a gaban abokan aikina 'yan kudu, ina yi musu bayani da gadara cewa kunya ce ba ƙiyayya ba. Amma in na koma ɗaki na riƙe waya ina magana ni kaɗai, bayanin ba ya yi mini aiki. Ina son in san ko tana ji, iyakar abin da nake so ke nan. Da na rasa amsa sai na fara gajarta saƙon, ina zuba shi da sauri kamar mai sanarwar cigiya a rediyo, don kada in ɓata wa kowa lokaci.

Hutun damina na zo gida. Washegari da hantsi Inna na zaune a tsakar gida tana tsinkar zogale, ƙanwata na gefenta, ni ina kan tabarma a bakin rumfa. Inna ta ce, "Ki ce wa wancan in zai shiga Kazaure ya sayo abin nan na kunne."

Ƙanwata ta juyo ta ɗaga murya kamar har yanzu ina Lakwaja. "Yaya, wai iyafis take so."

"Na me?"

"Ki ce na jin karatun malamai ne," in ji Inna. "Kada ya sayo fari. Kada ya sayo mai caji, ba ni da lokacin renon abu biyu. Kada ya sayo mai tsada da za a tambaye ni wa ya saya." Ta tsinke wani reshen, sannan ta ƙara, "Kuma wanda na kusa ba ya jin abin da mutum ke ji."

Ƙanwata ta maimaita mini duka, ba ta rage ko ɗaya ba.

A nan aka zo fagena. Ni mutum ne da iyafis ya daɗe yana cuta, kuma duk wanda aka cuta da yawa yakan ɗauki kansa masani. Akwai wata tsohuwar gwangwanin madara a ɗakina cike da gawarwakinsu, yawanci kunne ɗaya ne ya mutu, ɗayan na nan da rai ba shi da amfani. Na koyi cewa kwali ba ya nuna komai, wanda ya fi ƙyalli shi ya fi saurin mutuwa. Na koyi murza igiyar tsakanin yatsu, in ta yi siriri kamar taliya a ajiye. Na koyi duba wuyanta, wurin da ta haɗu da bakin da ake sokawa a waya, don a nan take fara karyewa. Mai amon da ke dukan ƙirji kuwa na samari ne, in magana za ka ji da shi sai ka ji malamin kamar yana cikin rijiya. Duk wannan ilimi na tara shi ba wanda ya taɓa tambayata, sai ga shi uwata ta aike ni.

Na hau mota zuwa Kazaure, na nufi wani shago kusa da tasha. Mai shagon mutumin kudu ne, Kirista, ya daɗe a garin har Hausarsa ta kwanta. Duk abin da na taɓa sai ya ce, "Wannan orijinal ne, Malam." Na taɓa abin da yake korar ƙuda da shi bisa kuskure, ya buɗe baki ya fasa.

Ya fara ciro mini marasa igiya, 'yan ƙanana a cikin akwatinsu. Na ce tsohuwa ce, ranar farko ɗaya zai faɗa a tukunyar miya. Ya ciro babba mai rufe kunnuwa. Na ce ba jirgi za ta tuƙa ba. Muka dawo kan masu igiya, baƙaƙe, na ware 'yan kaɗan da igiyarsu ta yi kauri. Saura sharaɗin ƙarshe, wanda ban ga dalilinsa ba amma an ba ni shi: kada na kusa ya ji.

Wannan ba a gwada shi da mutum ɗaya. Na sa wa mai shagon a kunne, na kunna tafsiri a wayata na ƙure murya, sannan na matso da kunnena dab da kuncinsa ina saurare. Haka muka yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, manya biyu kai da kai a cikin shago, masu wucewa suna rage tafiya. Wani dattijo ya tsaya ya yi sallama, ya dube mu, ya ce zai dawo. A ranar mai shagon ya ji tafsirin da ni ban ji ba a azumin bara, kuma bai yi ƙorafi ba, sai dai ya ce malamin yana da faɗa.

Biyu suka tsallake. Ɗaya bakinsa a lanƙwashe, in ka soka shi a waya sai ka ji ya kama. Ɗayan miƙaƙƙe ne, ya fi araha, na kuma lura bai kama sosai ba.

"Wannan zai riƙa zarewa," na ce.

"Haba Malam. Ko akuya ta ja shi ba zai fita ba."

Ban yarda da shi ba, amma an ce kada a sayo mai tsada, kuma Inna ba guje-guje take yi ba. Na taya, ya rantse ya faɗi, na juya zan tafi, ya kira ni. Na dawo gida da mai arahar ina jin na yi ciniki.

Na miƙa wa ƙanwata, ta miƙa wa Inna. Inna ta juya shi ta ce, "Ki ce an gode." Daga ranar kullum da la'asar sai ta sa shi a ƙarƙashin mayafi, wayar na kan cinyarta, tana aikinta. Fuskarta ba ta nuna komai. Ina zaune a bakin rumfa ina kallonta ta gefen ido, har na ji ina ƙyashin malamin, ko wane ne shi, da ake zama a saurare shi haka.

Ana saura kwana kaɗan in koma, da la'asar, muna zaune kamar kullum. Inna na ɓarar gyaɗa a kwando, ƙanwata na yi wa 'yarta kitso. Akuyar maƙwabta ta shigo ta nufi garin da aka shanya. Inna ta yunƙura za ta kore ta, igiyar ta maƙale a bakin kwandon, bakin iyafis ya zare, wayar ta faɗi kan tabarma tana magana da ƙarfi.

Muryata ce.

"...to nan dai lafiya lau, sai zafi. Tumatir ya yi tsada. Rufin ɗakin yara yana yoyo, na gaya wa mai gidan." Sai tari, mai tsawo. "Tari ne kawai, ba komai. A gaida mutanen gida."

Saƙon bara ne. Ni kaina na manta da shi, don ba abin tunawa a ciki. Ya ƙare, na bayansa ya ɗauka, ina bayani a kan babur ɗina da ya ƙi tashi.

Ba wanda ya motsa. Ƙanwata ta ƙura wa kan 'yarta ido kamar ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Akuyar ta ci gari son ranta. Inna ba ta yi gaggawa ba, ta ɗauki faifai ta kife a kan wayar, na ci gaba da maganar babur daga ƙarƙashin faifai. A lokacin na tuna wani ƙullin citta da kanumfari da aka aiko mini bara ta hannun direba, aka ce wai yawa suka yi a gida.

Da muryar ta ƙare Inna ta koma kan gyaɗarta. Ta ce, "Ki ce wa wancan abin da ya sayo ba shi da kyau."

Ni da nake tsayawa gaban aji in yi ta zuba har a kaɗa ƙararrawa, da ƙyar na ce wa ƙanwata, "Ki ce mata za a canjo."

Da na fita zaure ƙanwata ta biyo ni. Ta ce da can Inna ɗaki take shiga ta rage murya ta kara wayar a kunne, to yanzu jin nata ya ragu, in ta rage ba ta ji, in ta ƙara gida ya ji. "Ni ma kama ta na yi, Yaya. Ta ce in na faɗa ba ni ba ita. Ka ga ai ban faɗa ba."

Washegari na koma Kazaure. Na gaya wa mai shagon abinsa ya zare. Ya tambayi yadda aka yi, na gaya masa.

"To ai akuya na ce, Malam. Ban ce kwando ba."

Ya ajiye mini biyun a kan tebur, mai lanƙwasa da wani miƙaƙƙen sabo. Na daɗe a tsaye. Gaskiya raina ya so miƙaƙƙen. A duk abin da na taɓa saya ba wanda ya biya ni kamar wannan da bai kama ba, kuma in na sake kai mata irinsa wata rana zai sake zarewa, in sake ji. Amma na tuna yadda ta kife faifan nan. Na ɗauki mai lanƙwasar, ban ko taya ba, har mai shagon ya tambaye ni ko lafiya.

A gida ƙanwata ta soka shi a wayar ta miƙa. Inna ta kama igiyar ta ja, ta sake ja da ƙarfi, ta ɗaga wayar da ita tana lilo. Bai zare ba. Ta naɗe shi a hankali ta ɗaure a bakin zani.

"Ki ce wannan ya yi."

"Yaya, wai ya yi."

Na ce madalla, na tashi zan shiga in haɗa kayana. Har na kai bakin ƙofa na ji ta ce, tana kallon bango, "Ki kuma ce masa ya daina sauri in yana magana. Mutum bai gama ji ba sai ya ƙare."