Fure Ga Mai Zuwa, Katantanwa Ga Mai Tafiya

Shekarar da gwamnati ta shimfiɗa filin jirgin sama a tsibirin Niue, Fisimoka tana budurwa. Manya suka tara jama'a a gaban coci, suka ce daga yau baƙi za su riƙa saukowa daga sama da kuɗinsu, su leƙa kogwannin bakin teku, su yi iyo, su koma. Aka gina otal. Aka ɗauki Fisimoka aikin ƙulla sarƙar fure, don bai kamata baƙo ya shiga ƙasa wuyansa ba komai ba.

Jirgi ya cika alkawari, ya zo. Abin da manya ba su lissafa ba shi ne yana kuma komawa, kujerun da suka zo ba kowa kuwa cike suke tashi da 'yan ƙasa.

A al'adarsu fure na mai zuwa ne. Mai tafiya sarƙar hihi ake rataya masa, 'yan mitsi-mitsin katantanwar nan rawaya da ke fitowa kan duwatsu bayan ruwan sama. A tsince su, a wanke, a huda da allura, a jera a zare. Fure kwana guda ya yi yaushi, hihi ba ya lalacewa. Ofishin kula da baƙi na biyan ta ladan fure. Hihi kyauta take yi, shi ne kuma ya fi cin yatsunta. Ta yi wa ƙannenta, ta bi maƙwabta gida-gida, ta yi wa malamin makaranta da ɗalibai suka ƙare masa. Na ƙarshe autanta Hafe, wanda ya tafi birnin Auckland, can ƙetaren teku, koyon gyaran wuta bayan rasuwar ubansa, ya ce ba zai daɗe ba.

Tsare-tsare suka yi ta zuwa suna wucewa. Wani zamani masu nitso ake nema, wani zamani sababbin aure. Wata shekara aka ce a tallata shirun ƙasar, tunda shi ne ake da shi har ya yi yawa. A ƙauyen Fisimoka ana aske ciyawa a ƙofar gidajen da ba kowa, don kada baƙo ya zaci ba kowa.

Ran nan Hafe ya bugo waya ya ce yana zuwa. Bai ce na kwana nawa ba, ita ma ba ta tambaya ba, don tambayar ɗa yaushe zai koma korarsa ce. Sai ta share ɗakinsa. Ta sa aka sassabe gonar gwazar ubansa da daji ya cinye, ta ciro tsohuwar addar uban daga ƙarƙashin gado ta wasa.

Ranar jirgi ta tsaya a wurinta na kullum, fure jere a hannu. Kusa da ita Pitasoni, tsohon da ofis ya ɗauka kaɗa wa baƙi ƙaramar gita tun yana da haƙora.

"Tsohuwa, yau har da sabuwar riga? Wani Bature ya yi miki alkawari ne?"

"Kai dai gyara tsirkiyarka. Waƙa ɗaya tun zamanin Turawa, kajin filin nan ma sun haddace."

"To me? Baƙin ai ba su taɓa jin ta sau biyu ba, ba sa dawowa." Ya dube ta. "An ce an sassabe gonar marigayi."

"An ce."

"Kin ajiye wa yaron fure?"

"Ɗan gida? Yaushe ka ga na yi haka?"

Wannan dokar ba ta ofis ba ce, tata ce, kuma duk wanda aka haifa a tsibirin ya san ta: furen ofis na baƙo ne. Wanda ya dawo zama dunguri yake samu a ka, a miƙa masa kwandon furen ya ɗauka har mota.

Baƙi suka fito fari-fat, suna duƙawa ɗaya bayan ɗaya tana rataya musu. Can baya sai ga Hafe, ya yi ƙiba, furfura ta soma masa a gefen kunne. Ba fuskarsa ta fara duba ba, kayansa ta duba. 'Yar jaka guda a kafaɗa. Ta ce a ranta ƙila sauran na zuwa ta jirgin ruwa.

"Mama!"

Ya rungume ta har ƙafafunta suka bar ƙasa. Da ya sake ta, ta kai hannu wajen kwando za ta miƙa masa. Shi kuwa ya cire hularsa, ya yi murmushi, ya duƙar da wuya.

Gitar Pitasoni ta ɗan yi tuntuɓe, sannan ta ci gaba.

Fisimoka ta zaɓi wadda ta fi ƙamshi ta rataya masa. Aikinta ne, ta kuma iya.

Ta dafa masa ƙaguwar nan mai cin kwakwa, da gwaza. Ya ci, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Mama, wurin nan akwai daɗin hutu. Ko'ina shiru." Ta ce haka baƙi ke cewa. Washegari ya hayi mota ya ɗauke ta suka tafi kallon kogwanni. Sun wuce ta gefen gonar, ya ce kai, wani ya yi aiki a nan.

A makon ne rediyo ya sanar da cewa baƙi sun ƙaru bana, aka yaba wa sabon tsari. Da Hafe a cikin lissafin.

Ana saura kwana biyu jirgi, aka tafka ruwa da safe. Da ya ɗauke, ta mai da addar ƙarƙashin gado, ta ɗauki gwangwaninta ta nufi duwatsu. Hihi sun fito da yawa, ba mai rige ta tsinta.